Tushen Python Ga Mai Koyo Da Waya

Python harshen rubuta manhaja ne da Guido van Rossum ya fitar a 1991, kuma sauƙin karanta shi ya sa da yawa ke fara koyo da shi. Mai koyo a Unguwar Lalle, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ba sai ya jira kwamfuta ba. Manhajar Pydroid 3, wadda ake rubuta Python da ita, tana aiki a wayar Android ko babu data, da zarar an sauke ta.

Farkon abin riƙewa shi ne sanya wa bayani suna: in an rubuta mudu = 40, an ajiye lambar ke nan. Lamba da rubutu kuwa ba ɗaya ba ne. 2 + 2 na ba da 4, amma "2" + "2" na ba da "22", kuma nan sababbi suka fi tuntuɓe. Daga nan sai if na sharaɗi, for na maimaitawa, def na haɗa aikin da za a sake kira.

Tazarar farkon layi doka ce, ba ado ba. Gurbi huɗu ake bari. Wajen gwada waɗannan, gara a fara da lissafin cinikin gero na ranar kasuwa, ana rubuta kowane layi da hannu.