Ƙashi da Jijiya a Bakin Bahaushe: Nazari a Kan Kalmomin Ɗori

Mutumin da ya faɗi a kan babur a Daurawa ya karye, hanya uku ce a gabansa. Ko dai a kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan kusa, wajen Gyaɗi-Gyaɗi, wanda aka kafa a 1988. Ko a ratsa gari da shi zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959. Ko kuwa a aika a kira maɗori. Sau da yawa ta ukun ake fara bi, domin ta fi sauƙin kuɗi, kuma ita aka gada. Wannan maƙala za ta dubi kalmomin da maɗori da majinyaci suke magana da su, don a ga inda suka wadatar da kuma inda suka gaza.

Ƙwarangwal ɗin baligi ƙashi 206 ne. Jariri kuwa yana zuwa duniya da fiye da haka, wajen 270, sa'an nan wasu su riƙa haɗewa yayin da yake girma. Bahaushe ya lura da wannan tun da daɗewa, shi ya sa yake da kalmar maɗiga, watau wurin nan mai taushi a tsakar kan jariri inda ƙasusuwan ƙoƙon kai ba su gama haɗuwa ba. Takan rufe kafin yaro ya cika shekara biyu. Haka kuma akwai muƙamuƙi, da allon kafaɗa, da haƙarƙari (guda 24 ne, 12 a kowane ɓangare), da ƙashin baya, da kwatangwalo, da ƙoƙon gwiwa, da ƙwauri. Akwai guringuntsi da ke hana kawunan ƙashi gugar juna a gaɓa, da laka da ke bi ta cikin ƙashin baya, da ɓargo. Mai yiwuwa mahauta da mafarauta suna da hannu a wannan wadata, tun da kullum suna ganin cikin dabba. Abin da mahauci ba zai gani da ido ba shi ne aikin ɓargo: a cikinsa ne ake yin ƙwayoyin jini.

Ta fuskar rauni ma harshen bai yi rowa ba. Ya rarrabe karaya da tsagewa, ya rarrabe gocewa da targaɗe, kuma wannan rarrabewa ta dace da ta likitoci ƙwarai da gaske.

Yadda ƙashi yake ɗoruwa shi ne abin da ya kamata a tsaya a kai. Ƙashi abu ne mai rai, jini na ratsa shi. In ya karye, jini yakan taru ya daskare a bakin karayar. Cikin mako biyu zuwa uku sai wani abu mai kama da guringuntsi ya tsiro ya riƙe guntayen biyu, daga nan sinadarin kalsiyam ya riƙa shiga yana ƙarfafa shi har ya zama ƙashi. Kullin da ake ji a wurin bayan an kwance ɗori shi ne wannan sabon ƙashi, kuma jiki yakan ɗauki watanni yana sassaƙe shi. Ashe ke nan jiki ne yake yin ɗorin. Aikin maɗori, da karansa da tsummansa, da aikin likita da simintinsa, duk ɗaya ne: a daidaita guntayen, a hana su motsi. Gwanin maɗori yana iya wannan da lalube a ƙaramar karaya, kuma ba adalci ba ne a musa masa haka. Sai dai likita yana da hoton ƙashi, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hanyarsa a 1895.

Inda harshen ya gaza shi ne a kalmar jijiya. Da ita ake kiran hanyar da jini yake bi, da ita ake kiran zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, da ita ake kiran igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi. Abu huɗu ke nan masu aiki daban-daban a ƙarƙashin suna guda. In ban da agara, wadda ta keɓanta da ta bayan dunduniya, ba a cika jin wani rabe-rabe ba.

Wannan ba matsalar masu ƙamus ce kaɗai ba. Hannun da ya karye yakan ci gaba da kumbura bayan an ɗaure shi. In ɗaurin ya yi tsauri, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini, tsoka kuwa ba ta jure rashin jini fiye da 'yan sa'o'i. Yaro yana kuka, yatsunsa sun yi sanyi sun dushe, ya ce ba ya jin su, sai a ce ai jijiya ce ta harba, a ba shi haƙuri. Maganar ba ƙarya ba ce, amma ba ta faɗi wace jijiya ba, saboda haka ba ta sa kowa ya tashi tsaye. Bayan kwana biyu ko uku hannun ya yi baƙi ya fara wari, a kai shi asibiti ba abin da ya rage sai yankewa. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna rubutu a kan irin wannan asara, wadda ta fi faɗa wa yara.

Masu fassara sun riga sun fara cewa jijiyar jini, kuma ta karɓu a rediyo da asibiti. Sauran ukun har yanzu kowa da yadda yake kiransu. Ana iya gwada jijiyar saƙo, da jijiyar tsoka, da jijiyar gaɓa, sa'an nan a kai su gaban maɗora da ma'aikatan jinya a ji wadda za ta zauna a bakinsu.