Darasi: Kafaɗar San Noma da Karkiya

Damina ta ƙarato, ƙungiyoyi sun soma gyaran garma da karkiya. Darasinmu na wannan wata a kan kafaɗar sa ne, gama a nan nauyin huɗa duka yake sauka.

Bara an kira mu mu duba bijimin wata ƙungiya a bayan garin Sakkwato. Da bashi aka saye shi. Bai yi mako uku yana huɗa ba ya soma ɗingishi da ƙafar gaba. Aka duba kofato, ba ƙaya, ba ƙusa. Ashe ciwon yana sama, inda sandar karkiya take gugar kafaɗa. Sauran gonakin da garmar hannu aka ƙarasa su, bashi kuwa yana nan.

Kowa ya taɓa gindin wuyansa. Zai ji wani ƙashi ya gitta zuwa kafaɗa. Shi ne ya haɗa hannun mutum da ƙirji. Sa ba shi da wannan ƙashi, haka doki da jaki da tunkiya. Tsoka ce kaɗai ta riƙe musu ƙafar gaba a jiki. Wanda ya taɓa fiɗar rago da Kirsimati ya ga wannan da idonsa: karfata da wuƙa kawai ake zare ta, amma cinya sai an nemi gaɓa.

Babbar tsokar tana ɓoye ƙarƙashin allon kafaɗa. Ta taso daga ƙasusuwan wuya da haƙarƙari, ta kama allon ta ciki, ɗaya dama, ɗaya hagu. Ƙirjin sa yana rataye tsakaninsu kamar ƙwarya cikin ragaya. Ƙafafun gaba kuwa su ne ɗauke da fiye da rabin nauyinsa tun ba a ɗora masa komai ba.

Tozo ma tsoka ce haɗe da kitse. Shanunmu na Bokolo, da ake kira Gudalin Sakkwato, Allah ya ba su tozo mai kyau, a gabansa kuma karkiya take samun wurin zama. Jaki ba shi da tozo, don haka karkiyar shanu ba tasa ba ce. Shi sai ɗamara mai faɗi a ƙirji.

Akwai kuma wata jijiya da ta zagayo ta gefen gaba na allon kafaɗa, dab da ƙashi. Idan itace ya yi ta danna ta, tsokoki biyu na bayan allon sai su motse, ƙashin ya fito fili, kafaɗa ta riƙa buɗewa waje in sa ya taka. Wannan shi ne ya sami bijimin nan. Warkewarsa takan ci watanni, wani lokaci ma ba ya komawa daidai.

To, ga abin yi. A goge karkiya ta yi sumul inda take kwanciya. Sandunanta kada su taɓa kan kafaɗa, igiyar maƙogwaro kuma a bar mata sararin shigar hannu. A haɗa shanu masu tsayi ɗaya. Mun sha ganin an haɗa babba da ƙarami don ƙarancin kuɗi, karkiya ta karkace, ƙaramin ya sha wuya. San da ya rame da rani tsokarsa ma ta rame, saboda haka tun cikin watan Mayu a ƙara masa harawa da dusa, ya riƙa jan gungume kaɗan kaɗan kafin ruwan Yuni.

Kowace yamma mai kora ya shafa wuya da kafaɗa da hannu. In ya ji zafi ko kumburi, sa ya huta. Miki a wanke shi da ruwan gishiri. Kada a ƙona wurin da ƙarfe. In kafaɗa ta soma motsewa sai likitan dabbobi, akwai kuma asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nan cikin gari.

A taro mai zuwa kowace ƙungiya ta zo da karkiyarta, mu gwada ta a wuyan sa tare.