Amsoshin Tambayoyinku: Zanen Kwale-kwale a Cikin Kurmi

Wani mai sauraronmu daga Damba ta Gusau ya ga zanen fentin ruwa na mutum yana tuƙa kwale-kwale a cikin kurmi. Yana tambaya: me ya sa kallonsa ke sanyaya zuciya, kuma me yake nufi?

To Malam, sirrin yana cikin fentin kansa. Ruwa ake sirka shi da shi, ba ya rufe takarda ruf, don haka farinta ke leƙowa ya zama haske. Idan mai zane ya shafa launi a kan jiƙaƙƙiyar takarda sai ya bazu, bakin itatuwa ya dushe kamar an yi hazo. Kore da shuɗi kuma ba sa tayar da ido. Ba'amurke Winslow Homer, wanda ya rasu a 1910, ya shahara da irin wannan zane a dazukan Adirondack na jihar New York.

Su can, kwale-kwale alama ce ta kaɗaici da hutu daga hayaniyar birni. A wurinmu kuwa abin neman abinci ne. Shi Basarke ke kama kifi da shi, shi ake tsere da shi a bikin Argungu, shi ne kuma ya kife da manoma a Gummi a watan Satumba na 2024. Ni a ganina, ɗan Zamfara da ya san wannan rashi zai ji fargaba tare da natsuwar. Ka duba zanen da kyau: ruwan a kwance yake ko yana gudu, kuma wajen haske matuƙin ya nufa ko wajen duhu?