Kafin Ka Sayi Gwangwanin Nan, Ɗana

Saƙonka ya iso ni jiya bayan la'asar, sai da na sa ƙaninka ya buɗe mini hoton da ka turo, domin idanun nan sun fara gajiya da ƙananan rubutun waya. Na ga kwanon, na ga Baturiyar tana zuba hatsin nan da suke kira ots, ta barbaɗa wani gari da ta ce na gina jiki ne, ta yanka ayaba, ta ɗiga cakulan a kai har abin ya koma kamar kek ɗin biki. Ka ce kai ma irinsa kake so ka riƙa karya kumallo da shi, saboda shayi da burodi ba sa riƙe ka, kafin sha ɗaya na safe cikinka ya fara kiran ciroma kana tsakiyar darasi a makarantarku ta Hussaini Adamu. Ka kuma roƙi kuɗin gwangwani biyu, ɗaya na hatsin, ɗaya na garin.

Ban ga laifinka ba ko kaɗan. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yaron da ya fara tunanin abin da yake zuba wa cikinsa ya fara hankali ke nan. Shi ma ots ɗin abincin kirki ne, kada ka ji na kushe shi. Hatsi ne na ƙasashen sanyi irin su Kanada da Rasha, yana da dusa mai amfani ga hanji da jini. Amma zo mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa, tun da kai ɗan boko ne, lissafi ba zai ba ka tsoro ba. A cikin giram 100 na ots, abin da ke gina jiki, wanda malamanku ke kira furotin, bai wuce giram 13 ko kusa da haka ba. Geron da ake nomawa a jigawar Babura da Gwiwa yana da wajen giram 11. Ka ga tazarar ba ta kai a sayar da akuya a kanta ba. Kwanon da yarinyar nan ta dama kuwa ba zai ci fiye da giram 40 ko 50 na hatsin ba, saboda haka abin da ots ya ba ta bai fi giram 5 ko 6 ba, sauran duk daga abin da ta ƙara ne, madara da wancan gari. To, abin ƙarawa kuwa, ɗana, Allah bai hana mu shi a ƙasar Kazaure ba.

Gyaɗa kaɗai, kashi ɗaya cikin huɗu nata furotin ne. Waken suya ya haura kashi ɗaya cikin uku. Ƙwai guda yana ba da wajen giram 6, kofin kindirmo ya ba da 7 zuwa 8. Saurayi mai nauyin kilo 60 irinka, wanda ba dambe yake yi ba, kimanin giram 50 ya ishe shi a yini, saboda haka in ka samu rabin wannan tun da safe, ka gama da yunwar hantsi. Abin da kake nema a waya sunansa kunun gyaɗa, wanda kakarka take dama muku da azumi kuna rububin ludayi, sai dai a gyara masa zama kaɗan.

Gyaɗar nan ba ƙaramar aba ba ce, mu ne dai muka saba da ita har muka raina ta. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar manomanmu ce ta riƙa cika taragai zuwa Ikko, ita ce aka tara ta zama dalar gyaɗa, da kuɗinta aka yi ayyuka da yawa a Arewa, har wata cutar gyaɗa ta zo a 1975 ta karya nomanta. Wani abin kuma da zai ba ka mamaki: lokacin da yunwa ta faɗa wa Nijar a 2005, abin da likitoci suka riƙa ba yara masu tamowa a Maraɗi wani kwaɓi ne a ƴar leda da Faransawa suka haɗa a 1996, ana ce masa Plumpy'Nut. Ka san me ke ciki? Markaɗaɗɗiyar gyaɗa, madarar gari, sukari, mai, da sinadaran ƙarin lafiya. Masana sun zaga duniya sun dawo kan kayan kunun kakarka. Amma in ka ga ana sayar da irin wannan leda a bayan fage, kada ka saya ka sha, domin maganin yaro mara lafiya ne, kuma duk ledar da ta shiga bakin ƙato, daga bakin wani jariri aka fizge ta.

Yanzu ga inda nake so ka tattara hankalinka, domin nan ne samari ke faɗuwa. Kunu daga tsintar gyaɗa yake farawa. Ina tuna mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, tana zaune bakin ɗaki gab da magariba da faifai a cinya, tana tura gyaɗa da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ta fashe ta yi fumfuna, sai ta jefa ta a wani ɗan gwangwani gefe. Ko kaji ba ta yarda a watsa wa ba, toka take zubawa a kai. Mu kuwa yara muna ganin ɓata lokaci ne da asara, har yayarmu takan ce ai in an markaɗa duk ɗaya ne. Inna ba ta da wata hujja sai cewa mugun iri guda yana ɓata tukunya. Sai da na girma na ji bayanin daga bakin ma'aikatan gona: wannan fumfunar tana haifar da wata guba da ake kira afalatoksin, wadda ke cin hanta sannu a hankali, tana kuma tauye girman yara. A Ingila aka fara gano ta a 1960, bayan talotalo fiye da 100,000 sun mutu saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. Abin tsoron shi ne tafasa ba ta kashe ta, suya ma ba ta gamawa da ita. Saboda haka in ka je kasuwa, kada arha ta ruɗe ka. Ka damƙi gyaɗar ka shinshina, ka ɓare biyu uku ka duba cikinsu, ka tauna guda, in ka ji ɗaci ko warin daɗewa ka bar wa mai ita abarsa cikin mutunci, ka yi gaba.

In ka samu mai kyau, ka tsince, sai ka soya ta sama-sama a busasshen kasko, wuta kaɗan, kana juyawa, har ɓawon ya fara saki amma cikinta bai yi ja ba, domin in ta soyu da yawa kunun zai yi duhu ya koma ɗanɗanon ƙuli-ƙuli. Ka bari ta huce, ka murje, ka hure ɓawon, ka kai inji a markaɗa maka lukui. Cokali uku manya na wannan kwaɓi ya ishi mutum ɗaya. Ka dama shi da ruwa kofi biyu, ka tace in kana so, ko da yake ni na fi son a bar shi haka in markaɗen ya yi laushi, saboda wani ɓangare na amfanin yana tafiya da abin da ya rage a rariya. Ka ɗora a wuta da ƴar citta da kanumfari biyu, ka tsaya a kansa. Na ce ka tsaya, domin ruwan gyaɗa kamar madara yake, kana juya baya zai taso ya zube, ya bar maka wankin murhu. Ya tafasa sosai har warin ɗanyen gyaɗa ya fita, sannan ka kawo gasarar gero ko ƙullun shinkafa da ka riga ka dama da ruwan sanyi, ka rage wuta, ka zuba a hankali hannu ɗaya na tsiyayawa ɗaya na juyawa, har ya yi kauri ba gudaji. Ruwan tsamiya ko lemon tsami shi ne na baya, kaɗan, bayan ka sauke.

Wannan na bayan ni ma sai da na sha kunya kafin na koya. Ina saurayi, sabon ma'aikaci a ɗakin haya, na gayyaci abokai biyu shan ruwa da azumi, na cika baki cewa zan dama musu kunun gidanmu. Na makara, rana ta yi ja, sai na ce bari in haɗa komai lokaci guda a huta, na juye tsamiyar tun ruwan gyaɗar bai ko tafasa ba. Ɗana, abin da na sauke ba shi da suna: ruwa tsararo a sama, wani dunƙule-dunƙule a ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga ludayi ya duba, ya tambaye ni cikin ladabi ko wannan ne ake kira kunun gyaɗa a Kazaure. Shekara arba'in ke nan, in mun haɗu a wurin ɗaurin aure sai ya tambaye ni lafiyar tsamiya. Sauri ya haifi nawa, a ranar da ƙosan maƙwabta muka buɗe baki.

Don ƙarin ƙarfi, ka sa waken suya, domin hatsi da gyaɗa duk suna da ƙarancin wani ɓangare na furotin wanda wake da nono suke da shi a wadace, shi ya sa koko da ƙosai ko fura da nono suke riƙe mutum fiye da kowannensu shi kaɗai. Sai dai waken suya ba ya son wasa: ɗanyensa yana ɓata ciki, yana hana jiki cin amfaninsa, saboda haka a soya shi har ya yi ƙamshi, a ɓarza a fece ɓawon, sannan a niƙa. Cokali biyu a cikin gasarar ya isa. Kindirmo kuma ka jira kunun ya sha iska kafin ka zuba, ka saya wurin wadda ka yarda da tsabtar ƙwaryarta. Matan rugagen Roni da ke shigowa gari da hantsi, in ka zama abokin cinikin guda, ba za ta ba ka na jiya da aka sirka ba.

Saura maganar zaƙi, wadda na san ita ce ta ja ka tun farko. Ba zan yi maka fuska biyu ba, ni ma ina son daɗi, kuma mutanen da suka ƙirƙiro alkaki da nakiya da gullisuwa da tuwon madara ba za a koya musu kayan zaƙi ba. Amma kakanninmu sun ware wa waɗannan ranakunsu, biki da salla da suna, ba su mai da su abincin kullum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin ƙananan cokula 12 a yini, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Ka tsaya wurin mai shayi gobe ka ƙirga abin da yake zuba maka a kofi ɗaya, ka ƙara da lemon kwalba na rana, za ka ga inda aka kwana. Ina da tsararraki da yawa da yanzu ko dabino sai sun yi shawara da likita kafin su kai baki, kuma babu wanda ciwon sukari ya yi wa sallama ranar da zai shigo.

Saboda haka ka nemi zaƙin da ke zuwa da rakiya. Dabino uku ko huɗu, ka cire ƙwallon, ka duba ciki saboda tsutsa, ka jiƙa tun dare, da safe ka dame su a cikin kunun. Jiharmu ma ana noman dabino, har tashar binciken dabino ke akwai a Dutse. Ayaba nunanniya in ka murƙushe ta tana ba da zaƙi da santsi. Ka barbaɗa soyayyen riɗi a kai, ko kankararriyar kwakwa, ko ka marmasa ƙuli-ƙuli guda don haƙori ya samu abin yi. Ranar Juma'a, in ka so shagwaɓa kanka, ɗan gutsuren mazarƙwaila ko cokalin zuma, amma ka sani su ma sukari ne, sunan ne kawai ya fi daɗin faɗa. In cakulan ɗin nan ne ya tsaya maka a rai, garin koko na Turawa marar sukari rabin cokali zai ba ka launin da ɗanɗanon. Zuma dai, in Allah ya ba ka naka iyalin, kada a ba jaririn da bai shekara ba. Haka wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin leɓe, ya nisance ta gaba ɗaya.

Na san za ka ce ɗan makaranta ba shi da lokacin wannan hidima kowace safiya. Gaskiyarka. To ka ba da yammacin Asabar guda: gero mudu ɗaya a surfe a wanke a shanya, waken suya kwatankwacin sulusinsa a soya, a haɗa da citta a niƙa, ka zuba a roba mai murfi inda danshi ba ya kaiwa. Irin wannan haɗin ne ma'aikatan lafiya ke koya wa iyaye mata da sunan Tom Brown. Kwaɓin gyaɗar ka ajiye shi daban, kada ka yi fiye da na mako biyu, kada kuma jiƙaƙƙen cokali ya shiga ciki. Da safe minti goma ya ishe ka, kafin ruwan wankanka ya yi zafi ka sauke. Ranar da kuma ka samu sarari ka sayi Quaker Oats ɗinka, ban hana ba, ka dafa shi a cikin ruwan gyaɗar nan maimakon gasara, za ka ba ni labari.

Kuɗin gwangwani biyu dai ban aiko ba. Na ba direban da ke wucewa ta wajenku gobe mudu biyu na gyaɗar bana, gwaggonka ta zauna ta tsince rabi, ta ce sauran rabin kai za ka tsince da hannunka don ka san yadda ake yi. Akwai ƙullin dabino da ƴar tsamiya a ciki, da maburgin da ta ce aro ne, ka dawo mata da shi in an yi hutu. An fara kiran magariba, bari in nemi buta. Ka gaida abokan ɗakinka, ka kuma dama da yawa ranar farko, domin ƙamshin zai kira su.