Darasi: Baƙin cikin da yake tasowa tun daga ƙuruciya

 

Ya ku ƴan'uwa, ku sani zuciya tana ciwo kamar yadda jiki yake yi. Malam Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya kasa baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sanadinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda yake sauko wa mutum ba da dalili bayyananne ba. Na biyun, a wurinsa, yana bukatar magani.

Likitocin zamani sun gano cewa sau da yawa tushen wannan ciwo yana cikin ƙuruciya: duka mai tsanani, fyaɗe, maraici, ko yunwa irin wadda Arewa ta gani a 1984 da 2005. Yaron da ya rasa wurin gudu, hankalinsa ne yake gudu ya bar jikin. Idan ya girma, sai abin ya riƙa dawowa: ya yi shiru kamar ba ya nan, ya manta abin da ya wakana, wani lokaci ya faɗi. Mu kuwa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, da mun ga ɗiya ta faɗi a makaranta sai mu ce iskoki ne, ba mu tambayi abin da ya taɓa samun ta ba.

Alamominsa: baƙin cikin da ya kai mako 2 bai gushe ba, rashin barci, ƙin abinci, ƙyamar mutane, da fatan mutuwa.

Maganinsa uku ne. Na farko, a saurare shi cikin sirri, ba da zargi ba. Wannan ba raunin imani ba ne, Annabi Yakubu (A.S.) ma baƙin ciki ya taɓa masa gani. Na biyu, a kai shi asibitin Dogon Dutsi ko na Dosso. In ya yi tsanani a wuce sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin Yamai. Ƙwayoyinsa sukan ɗauki makonni kafin su yi aiki, kuma ba a barin su sai da iznin likita. Na uku, addu'a da ruƙya ta shari'a, ba duka, ba ɗauri, kuma kada su hana zuwa asibiti.

Wanda ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti a ranar.

Iyaye da malaman allo, mu ji tsoron Allah game da bulala. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.