Amsar Tambaya: Me Magini Zai Yi Kafin Aiki Ya Buɗe?

Mai sana'ar gyaran gidaje a Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar aikinsa yakan tsaya a tsakiyar damina. Jama'a na gona, kuɗi sun yi ƙaranci, tubali kuma ba ya bushewa. Amma ruwan Agusta shi ke zubar da katanga, ya jiƙa azara, ya ɓalle indararo, kuma masu gidajen za su nemi magini da zarar sun sayar da riɗi da zoɓo da kaka.

Don haka watannin nan na zagaye ne. Magini ya bi unguwanni, ya duba inda gindin bango ya zaizaye, ya auna, ya yi ciniki tun da wuri. Ya gyara cebur da baro, ya ji farashin kwano da katako a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Siminti kam kada ya tara shi, domin laima na daskarar da shi a buhu.

Abin da aka fi sakaci da shi leburori ne. Ana gama girbi samari ke tafiya cirani, kuma maginin da bai kama nasa leburorin tun Satumba ba, zai mayar da aiki saboda rashin hannu.