Darasin Turanci: Abin da Aka Bayar da Wanda Aka Ba

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya karanta Ajurumiya, ko da bai kai ƙarshenta ba, ya san cewa malaman nahawu suna rarrabe fi'ili, wato aikin da aka yi, da fa'ili, wato wanda ya aikata, da kuma maf'uli, wato abin da aikin ya faɗa kansa. To, Turanci ma bai kauce wa wannan ƙa'ida ba, kuma kamar yadda yake a Larabci da Hausa, akwai waɗansu fi'ilai a cikinsa, irin su "give" da "send" da "buy", waɗanda sukan ɗauki maf'uli biyu a jimla guda.

Ga misali: "Musa gave Audu a cap", wato Musa ya ba Audu hula. Idan ka tambayi kanka me aka bayar, amsa ita ce hula, ita ce maf'uli na kai tsaye, wanda Turawa ke kira "direct object". Idan kuwa ka tambayi wa aka ba, amsa ita ce Audu, shi ne maf'uli na kaikaice, wato "indirect object". A nan Bahaushe ya yi sa'a, domin jerin kalmomin bai saɓa da namu ba, mutum ne a gaba, kaya a baya. In kuwa aka so a gabatar da kayan, lalle ne a sa "to" ko "for" kafin sunan mutumin, a ce "Musa gave a cap to Audu".

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen zaɓi tsakanin waɗannan ƙananan haruffa biyu, saboda "wa" ɗinmu na Hausa shi kaɗai yake ɗauke da aikinsu duka. Dubi mai cewa Tanko ya sayar wa Audu doki: mai sauraro ba zai tabbatar ba ko Audu ne ya biya kuɗi ya ja dokin zuwa gida, ko kuwa dokin nasa ne tun asali, Tanko dillali ne kurum mai jiran la'ada. Bature ba ya barin wannan shubuha. In Audu ne mai saye, sai ya ce "Tanko sold the horse to Audu". In kuwa a madadinsa aka sayar, sai ya ce "for Audu". Wanda zai sa hannu a takardar ciniki, ya kamata ya duba harafin nan da kyau kafin tawada ta taɓa takarda, gama shari'a ba ta karɓar uzurin cewa ba a lura ba.

Akwai kuma fi'ilan da ba su yarda a gabatar da mutum ba sai da "to" a gabansa, kamar "explain" da "say", kuma a nan ne har akawuna sukan yi tuntuɓe, don kuwa bakinsu ya saba da "bayyana mini", sai su rubuta "explain me the matter", alhali daidai shi ne "explain the matter to me". Haka nan in kayan lamiri ne, wato "it" ko "them", abin da ya fi aminci shi ne a fara da shi, a ce "give it to her".